JABU DA NA GASKE: TARIHIN SATAR MUTUM-MUTUMIN YUMƁU NA ƘASAR SAKKWATO DA HANYOYIN TANTANCE SU

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wata matsala da ta shafi tarihin ƙasar Sakkwato kai tsaye, amma ba a cika tattauna ta a tarurruka irin wannan ba, watau matsalar mutum-mutumin gasasshen yumɓu da ake tonowa daga ƙarƙashin ƙasa a fitar da su waje, da jabunsu da ake haɗawa, da kuma hanyoyin da masana ke bi don rarrabe na gaske da na ƙarya. A gidajen ajiye kayan tarihi na Turai da Amurka, da cikin littattafan 'yan gwanjo, akwai kayan da aka laƙaba wa sunan "Sakkwato" da "Katsina". Ana sayar da su da tsada, ana rubuce-rubuce a kansu, alhali kuwa mafi yawan mutanen da aka ari sunan garuruwansu ba su taɓa ko jin labarinsu ba.

An zaɓi a dubi matsalar daga Kalmalo, garin nan na bakin tafki da ke kusa da Illela, saboda dalilai biyu. Na farko, gari ne na kan iyaka, fataucin kayan tarihi kuwa da iyaka yake rayuwa. Na biyu, a wannan yanki na arewacin Sakkwato aka yi wani malami da ya fuskanci jabun littafi tun a ƙarni na 19, kuma hanyar da malaman zamaninsa suke bi tana da amfani ga wannan magana. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, gwajin kimiyya yana iya faɗin shekarun yumɓu, amma salsalar kaya sai wanda ya ga inda aka tono su yake iya ba da shaidarta. In salsala ta yanke, ƙofar jabu ta buɗe ke nan.

2.0 KALMALO DA SHA'ANIN IYAKA

Kafin zuwan Turawa babu wani layi tsakanin Kalmalo da Birnin Ƙonni. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 aka zana wa Sakkwato wani rabin da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ta faɗa cikin ƙasa marar ruwa, sai suka nemi gyara. Aka gyara a 1904 da 1906, sa'an nan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi suka kafa turaku tsakanin 1906 da 1908. Ta haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, Kalmalo ta tsaya a hannun Ingila.

Wannan iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta raba hukumomi da dokoki. Dangi da kasuwanni da hanyoyin fatake kuwa suna nan yadda suke, haka ma kufan da mutanen da suka bari. Muhimmancin wannan ga maganarmu shi ne, da zarar an tsallakar da tsohon kaya daga wannan gefe zuwa wancan, to dokar ƙasar da aka tono shi ta rasa ikon kama shi cikin sauƙi, kuma dillali yana iya ba shi duk asalin da ya ga dama.

3.0 YADDA AKA FARA GANO KAYAN

A 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa wani jami'in mulkin mallaka mai ilmin tone-tone, Bernard Fagg, wani kai da aka samu a Jama'a, wanda har wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya lura da kamar da ke tsakanin kayan biyu, ya raɗa musu suna "al'adar Nok". Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, kuma tonon da ya yi a Taruga a shekarun 1960 ya nuna cewa masu wannan gini sun san narkar da tama. Binciken da Jami'ar Goethe ta Farankfot ta fara a 2005, ƙarƙashin Peter Breunig da Nicole Rupp, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, ya nuna al'adar ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ginin mutum-mutumin kuma wajen shekara 900 kafin haihuwarsa.

A tsohon lardin Sakkwato ma an yi tonon masana. Lokacin da ake gina madatsar Kainji a shekarun 1960, an yi gaggawar bincika wuraren da ruwa zai ci, kuma a kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri A.J. Priddy ya samu ƙananan mutum-mutumin yumɓu na ƙarnonin farko bayan haihuwar Annabi Isa. A Nijar kuwa an gano wurin Bura a yammacin ƙasar a 1975, masanin nan Boubé Gado na Jami'ar Yamai ya tone shi a 1983, ya samu ɗaruruwan tulunan binne gawa masu kawunan mutane, har da siffar mahayin doki.

Duk waɗannan wurare an san su, an auna zurfinsu, an rubuta abin da aka tarar kusa da kowane kaya. Kayan da kasuwa ke kira "Sakkwato" da "Katsina" labarinsu dabam ne. Kusan dukkan waɗanda suka shiga kasuwa ba masana suka tono su ba. An san na "Sakkwato" da gira mai kauri wadda ta rufo kan idanu, da gemu, da fuska mai kamar fushi. Na "Katsina" kuma sau da yawa mutum ne zaune a bisa tulu. Amma sunayen daga bakin dillalai suka fito. A tuna kuma cewa kafin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, Jihar Sakkwato ta miƙe tun daga Illela har Yawuri da Tsafe. Saboda haka in an ce kaya na "Sakkwato" ne, ba a faɗi komai ba game da tudun da suka fito.

4.0 TONO DA FASA-ƘWAURI

Ba don rashin doka aka yi wannan ɓarna ba. Nijeriya ta yi dokar kayan tarihi tun 1953, ta ƙara wata a 1974 mai hana cinikinsu, sa'an nan Dokar Soja ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta hana tono da fitar da kaya sai da izini. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a shekarar 1972. Nijar ma ta yi tata dokar kare kayan gado a 1997.

Duk da haka, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da darajar naira ta faɗi, talauci ya yi tsanani a karkara, sai tono ya zama sana'a. Dillalai suka riƙa ɗaukar samarin ƙauye suna haƙa ramuka, ana biyansu abin da bai taka kara ya karya ba. Masanin tone-tone Patrick Darling ya bayyana irin ɓarnar da aka yi a ƙasar Nok da duwatsun Kwatarkwashi na Zamfara, a rahoton da ya buga a Kambirij a shekarar 2000. A Nijar, baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara da aka fara a Faris a 1993 ya sa duniya ta san kayan Bura, kuma abin da ya biyo baya shi ne wawashe wuraren. Daga nan kaya sukan bi ta Lome da Kwatano su isa Burusel da Faris.

A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da "Jan Jerin" kayan Afirka da ta roƙi kowa ya daina saye. Kayan Nok da Sakkwato da Katsina suna ciki, haka ma na Bura. A wannan shekarar ce kuma abin kunya ya fito fili. Gwamnatin Faransa ta riga ta sayi mutum-mutumi uku daga wani dillali a Burusel, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, don sabon gidan tarihin da Shugaba Jacques Chirac ke ginawa. Da aka baje na Nok a gidan Louvre a watan Afrilu, sai masana suka yi ca. Aka yi ta ja-in-ja har 2002, inda Faransa ta amince cewa kayan mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta ba ta aronsu na shekara 25, wanda ake iya sabuntawa. Gidan Quai Branly da aka saye su dominsa an buɗe shi a 2006. Hausawa na cewa in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sahu. Matuƙar manyan gidajen tarihi na saye, mai haƙa rami ba zai ajiye diga ba.

5.0 IRE-IREN JABU

Duk abin da ya yi tsada sai an yi jabunsa. Jabun da ake samu a wannan fage iri uku ne.

(a) Sabon gini baki ɗaya. Magini ya dubi hoto a littafi ya gina, ya gasa, ya shafa ƙasa ko ya binne na ɗan lokaci don ya yi kamar ya tsufa. Wannan shi ne mafi sauƙin kamawa.

(b) Haɗe-haɗe. A ɗauki kan wannan, da hannun wancan, da gangar jikin wani, dukkansu tsofaffi amma daga ramuka dabam-dabam, a liƙe su, a cike giɓi da sabon yumɓu.

(c) Niƙa da kwaɓa. A tara tsingaron da ba shi da kasuwa, a niƙe shi, a kwaɓa da danƙo mai ƙarfi, a gina sabuwar siffa ba tare da an sa ta a wuta ba.

Akwai dalilin da ya sa iri na biyu da na uku suka yawaita. Masanan Farankfot sun tarar cewa a wuraren Nok da suka tona da kansu, kusan kullum a farfashe ake samun kayan, kuma alamu sun nuna masu su ne suka fasa su da gangan kafin su binne. Kasuwa kuwa cikakke take so. To, ina cikakkun da suka cika shagunan Turai suka fito? Lalle da yawa daga cikinsu a hannun masu liƙi suka cika.

Misalin da ya fi shahara daga Mali ya zo. A watan Nuwamba 1991 kamfanin gwanjo na Sotheby's a Niyu Yok ya sayar da wani ragon yumɓu daga tarin Kuhn a kan dala 275,000, tare da takardar gwaji mai nuna ya yi ɗaruruwan shekaru. A 2001 ɗan jarida Michel Brent ya ba da labarin wani magini ɗan Mali da ya ce wani sashe kawai na ragon tsoho ne, sauran jikin shi ya gina da hannunsa.

6.0 HANYOYIN TANTANCEWA

6.1 Idon gwani

Hanya mafi daɗewa ita ce gwani ya duba salon gini da launi da nauyi, ya kwatanta da abin da ya sani. Amma ido na iya ruɗuwa. Gidan tarihi na Metropolitan a Niyu Yok ya sayi manyan mayaƙan yumɓu uku tsakanin 1915 da 1921 a kan cewa na mutanen Italiya ne na dauri, ya baje su shekara da shekaru. Sai a 1961 aka tabbatar jabu ne, har ɗaya daga cikin maginan ya fito da babban yatsan da ya karye daga jikin ɗayansu, wanda ya ajiye tun lokacin.

Kuskuren yakan juya ta ɗaya gefen ma. Kan tagullan nan na Ife da ake kira Olokun, wanda Bajamushe Leo Frobenius ya gani a 1910, William Fagg da Leon Underwood sun yanke a 1949 cewa kwafi ne aka musanya da na asali. Haka aka tafi fiye da shekara 60. Da aka sake bincika shi a Landan a 2010 da kayan aiki na zamani, sai sakamakon da aka buga a 2013 ya karkata ga cewa shi ne na asalin.

6.2 Gwajin hasken zafi

Wannan gwaji an kyautata shi a Jami'ar Okusfod a shekarun 1960, a ƙarƙashin Martin Aitken. Asalinsa shi ne, cikin yumɓu akwai ƙananan ƙwayoyin yashi masu tara wani ƙarfi a hankali daga ma'adanan da ke cikin ƙasa, irin su yuraniyam da toriyam da fotasiyam. Ranar da aka gasa yumɓun da zafin da ya kai kamar digiri 500, duk abin da ya taru sai ya fice, tari ya faro daga farko. Saboda haka in aka huda kaya aka ɗebi ɗan gari kaɗan aka zafafa shi a ɗakin gwaji, zai fitar da haske, yawan hasken kuma shi ke nuna daɗewar da aka yi tun gashin ƙarshe. Da wannan hanya a 1971 aka gwada tukwane da mutum-mutumi 66 da ake cewa daga Hajilar ta Turkiyya suke, aka tarar 48 jabu ne.

Sai dai gwajin ba ya ba da shaida sai a kan wurin da aka huda. Masu jabu sun gane haka, sai su sa tsohon guntu a gindi ko a ƙeya, inda aka saba hudawa. Niƙaƙƙen tsingaro da aka kwaɓa da danƙo, da yake bai sake shiga wuta ba, shi ma tsofaffin shekaru zai nuna. Bugu da ƙari, takardar gwajin kanta ta zama abin da ke ɗaga farashin kayan sata. Wannan ne ya sa a farkon shekarun 1990 ɗakin gwajin Jami'ar Okusfod ya daina karɓar kayan yumɓun Afirka ta Yamma da ba su da takardun halas.

6.3 Hoton ciki

Don a kama haɗe-haɗe, sai aka koma ga na'urar sikan ta asibiti, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka. Wani likita ɗan Beljiyam, Marc Ghysels, ya yi suna a wannan aiki. Hoton yakan nuna layin liƙi, da bambancin tsohon yumɓu da sabo, da ƙarfe ko danƙon da aka ɓoye a ciki. Hanya ce mai amfani ƙwarai, amma tana da tsada, kuma ko ta wanke kaya daga zargin jabu, ba za ta faɗi ƙauyen da aka tono shi ba, ko abin da ke kwance kusa da shi, ko kabari ne ko wurin tsafi ko juji. Gawayin da za a gwada a san zamani, da ƙasusuwa, da ƙwayar geron da za ta nuna abincin mutanen, duk an watsar da su a bakin rami. Wannan ita ce hasarar da babu na'urar da ke mayar da ita.

7.0 DARASI DAGA MALAMAN SAKKWATO

Tambayar "daga ina wannan ya fito, ta hannun wa?" ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Ita ce tushen ilmin isnadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Asanid al-Faƙir don ya jera hanyoyin da ilmi ya iso gare shi, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Ida' al-Nusukh inda ya lissafa malamansa. A wurinsu, kyawun magana bai isa hujja ba sai an san wanda ya ruwaito ta.

An jarraba wannan ƙa'ida a zamanin daular Masina, wadda Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa a 1818. Wani babban malamin fadarsa, Nuhu ɗan Ɗahiru, ya ɗauki wani tarihin Songhai na ƙarni na 17 ya yi masa ƙari, ya jingina shi ga Mahmudu Ka'ati na Tambutu, da sunan Tarikh al-Fattash. A cikin ƙarin akwai bushara wai tun zamanin Askiya Muhammadu an faɗi cewa halifa na goma sha biyu zai fito a Masina, sunansa Ahmadu. Ya kuma aika da wasiƙa ƙasashe yana yaɗa wannan da'awa. Abdulƙadir ɗan Tafa (1804-1864), jikan Shehu ta wajen uwa, mazaunin Salame a ƙasar Gwadabawa, kudu da Kalmalo, ya mayar masa da amsa bai karɓi da'awar ba. Turawa kuwa sun buga littafin a Faris a 1913, aka daɗe ana kafa hujja da shi a matsayin aikin Ka'ati. Sai a 1971 Nehemia Levtzion ya ware ƙarin daga asalin, Mauro Nobili kuma ya cika bayanin a littafinsa na 2020.

Mai sauraro zai lura cewa dabarar Nuhu da ta mai liƙin yumɓu iri ɗaya ce, watau a ɗauki tsohon guntu na gaske a ɗora masa sabon jiki. Hanyar kamawa ma ɗaya ce. Mai nazarin tsofaffin rubuce-rubuce yakan ɗaga takarda ga haske ya ga ko tana da tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya da fatake ke kawowa ta Tarabulus, ya dubi hannun rubutu da tawada, ya karanta sunan mai kwafi a ƙarshe, ya kwatanta da sauran kwafe-kwafe, ya tambayi gidan da aka gaje shi. Ba ya dogara ga shaida guda. Mutum-mutumin da ya fito daga jakar dillali kamar ruwaya ce da isnadinta ya yanke, tana iya zama gaskiya, amma ba a gina hukunci a kanta.

8.0 KAMMALAWA

An ga cewa sata ce ta riga jabu, kuma ita ta share masa fage. Saboda haka maganin jabu daga bakin rami zai fara. Ga shawarwari huɗu.

Na ɗaya, sassan tarihi na jami'o'i da kwalejojin ilmi na Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina su haɗa kai da hakimai da dagatai a rubuta kufan da ke kowace gunduma, a fara da garuruwan kan iyaka irin su Kalmalo, kafin masu diga su riga mu.

Na biyu, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai su riƙa musayar bayani da ɗalibai, tun da mutanen da suka bar waɗannan kaya ba su san turakun Tilho da O'Shee ba.

Na uku, a wadata jami'an kwastan na Illela da sauran ƙofofi da hotunan kayan da ke cikin Jan Jerin ICOM, a kuma tabbatar wa manomin da garmarsa ta tono wani abu cewa in ya kai rahoto godiya zai samu, ba tsarewa ba.

Na huɗu, malamai su fahimtar da jama'a. Da yawa suna ɗaukar waɗannan kaya gumakan arna ne kawai, don haka ko a fasa ko a sayar duk ɗaya ne. Ajiye abu don a san tarihin waɗanda suka riga mu zama a ƙasar nan dabam yake da girmama shi. Tarihin ƙasar Hausa kafin rubutu ba shi da wasu shaidu sai irin waɗannan, kuma kowane tudu sau ɗaya tak ake iya tona shi. In ɗalibanmu suka tona suka rubuta, za mu samu babin da littattafanmu ba su da shi. In dillali ya riga su, sai dai mu je Turai mu karanta sunan Sakkwato a jikin kayan da ba wanda zai iya rantsuwa a kan asalinsu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.